Na je neman liyari a wani shago a Madina, na dawo da lambar yabon wani soja manomi

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan bikin ƙanwata mutane ke ta tambayata a ina na samo liyarin da Hajiya ta saka a sarƙarta, har mata biyu sun aiko 'ya'yansu gida su tambaya, to ga amsa nan amma sai kunyi haƙuri dani don abinda na samo a shagon nan ya wuce liyari, kuma shine ma yasa na zauna nake wannan rubutun.

Shagon yana nan Madina cikin lungunan kasuwa, can bayan ka bar layin manyan otal-otal, ɗan ƙuƙut ne, mutum uku in suka shiga na huɗu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Mai shi dattijo ne Bahaushe haifaffen nan, kowa Baba yake ce masa, jikansa ke taya shi in ya taso daga jami'a. Ya roƙe ni kada in sa sunansa ko hoton shagon, yace shi baya son hayaniya, don haka wanda yake so ya neme ni ta waya in kwatanta masa. Kayansa tsofaffin kuɗi ne na ƙarfe da na takarda, zobban azurfa, butocin gahawa na tagulla, agogon aljihu, kan sarki na wasiƙa cike da littattafai.

Liyarin dai shine wanda Larabawan nan ke cewa riyal faransi duk da cewa asalinsa kuɗin Ostiriya ne, mai hoton sarauniya Mariya Tereza, kuma kowanne ka ɗauka 1780 ne a jikinsa ko yaushe aka buga shi. Guda shida nake so. Baba ya zube goma a kan tire, ya ɗauko ɗan sikelinsa yana ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, yace na gaske giram 28 ne, ya goga maganaɗisu, sannan ya ɗora kowanne a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani kaji ƙara siririya tana tafiya tana tafiya. Ɗaya ya ƙwanƙwasa sai yaji ƙarar ta mutu nan take, ya ware shi gefe yace ɗana wannan ba naka bane, ni ma cuta ta akayi a kansa. Wallahi da ya haɗa min dashi ba zan taɓa ganewa ba. Riyal 140 ya bani duk ɗaya a lokacin, amma ku sani farashin yana bin azurfa ne, kada wani yaje yace nace.

Yana naɗe min su ne idona ya kai kan wani gwangwanin alewa cike da tarkace, kwabban Indiya da na Masar da maɓallan kaki, yace a haɗe ya saye su da awo wajen wani dillali a Jidda. Ina tonawa na ci karo da wata lambar yabo ta azurfa, faɗinta bai kai na liyari ba kaɗan, gefe ɗaya kan Sarki Joji na biyar na Ingila, ɗaya gefen mutum a kan doki da gajeren takobi, dokin ya taka garkuwa da ƙoƙon kan mutum, an rubuta 1914 da 1918. Dokin ne ya ja ni, kunsan gidanmu da doki. Na tambayi kuɗi, Baba yace tsaya tukuna, wannan ba kwabo bace, tana da mai ita. Ya miƙo min gilashin nan na masu gyaran agogo yace duba bakinta. A kewayen bakin lambar, wajen da kwabo ke da zane-zane, an buga lambar soja da sunan mutum da haruffa ƙanana, a ƙarshe 4 L.H.R. A.I.F. Jikan yace Kawu wannan sojan Ostareliya ne, runduna ta 4 ta mahaya doki, a yaƙin duniya na farko.

Nan ne naga abinda ya bambanta shagon nan da sauran. Yaron ya buɗe laftof, ya shiga shafin ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Ostareliya, ashe sun ɗauki hoton fayil ɗin sojojinsu na wancan yaƙin kusan 376,000 sun zuba a intanet kyauta, kowa ya karanta. Ya buga sunan da lambar, ko minti biyar ba'ayi ba sai ga takardar ɗaukar mutumin aikin soja a gabanmu, ta koma ruwan ƙasa don tsufa. Ba zan faɗi sunansa ba don da alama jikokinsa suna raye. Saurayi ne ɗan ashirin da ɗoriya daga wani ƙauye a jihar Biktoriya, wajen sana'a an rubuta leburan gona, bashi da aure, wanda za'a sanar in ya mutu mahaifiyarsa ce. An rubuta tsawonsa da nauyinsa da faɗin ƙirjinsa da launin idonsa da addininsa, har tabon dake hannunsa na hagu. A ƙasa ga sa hannunsa, rubutu mai nauyi an danne alƙalami, irin na wanda hannunsa yafi sabawa da garma. Na daɗe ina kallon sa hannun nan, ya tuna min da yadda Baffana yake sa hannu a takardun igama, wato izinin zama a Saudiyya.

Ba dole aka yi masa ba, duk sojojin da Ostareliya ta tura wancan yaƙin 'yan sa kai ne, sau biyu gwamnati ta nemi a bata ikon ɗiban mutane da ƙarfi a 1916 da 1917 jama'a suka ƙi a ƙuri'a. Ƙasar a lokacin mutanenta basu kai miliyan 5 ba amma 416,809 suka shiga soja, sama da 60,000 basu dawo ba. Ƙaramin soja sule 6 yake samu a rana in an fita dashi waje, kuma ga ɗan ƙauyen da aikinsa yankan alkamar wani ne wannan kuɗi ne, ga kuma za'a ga duniya.

Duniyar da ya gani kuwa tamu ce, nan kusa damu. Masar aka sauke su, daga nan hamadar Sina'i, daga nan Falasɗinu. Rundunarsa tana cikin biyun da suka yi sukuwar nan ta Bi'ir Saba'a, wani gari a kudancin Falasɗinu, ranar 31 ga Oktoba 1917, ta 4 da ta 12, mahaya wajen 800. Su asali ba masu yaƙi a kan doki bane, doki na kai su ne su sauka suyi harbi a ƙasa, ko takobi basu dashi, amma ranar rana ta kusa faɗuwa dawakai sun galabaita da ƙishirwa, rijiyoyin kuma suna cikin garin a hannun Turkawa, sai aka ce su hau kawai, suka zare wuƙar bakin bindiga suka riƙe a hannu suka saki linzami a fili fetal suka tsallake ramukan Turkawa. Mutum 31 suka rasa, 36 suka ji rauni, suka kama garin da yawancin rijiyoyinsa kafin a fasa su. Kwana biyu bayan haka, 2 ga Nuwamba, Balfo, ministan harkokin wajen Ingila, ya rubuta wasiƙarsa da tayi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu, cikin Disamba kuma Ƙudus ta faɗa hannun Ingila.

Da yaron ya kai nan shagon yayi tsit. Ni dai jikina yayi sanyi, na ajiye lambar a kan tire, nace Baba wannan ai wanda ya yaƙi Musulmi ne, ya buɗe ƙofar abinda muke kuka dashi har yau. Baba bai musa ba ko kaɗan, shi ma ya ƙara min da wanda ban sani ba, yace a Disamba 1918 bayan an gama yaƙi ma sojojin Niyu Zilan da wasu na Ostareliya sun afka wa ƙauyen Sarafand da dare saboda ɓarawo ya kashe musu mutum ɗaya, suka kashe maza wajen 40 suka ƙone ƙauyen, kuma ba wanda aka hukunta. Jikan ya duba yace waccan wata runduna ce daban ba tasu mai lambar ba, amma tasu ɗin ma an sa ta murƙushe boren Misirawa a Maris 1919 kafin su hau jirgi zuwa gida a watan Yuni. Baba yace ka sani ɗana, ni bana saida abu in ɓoye rabin labarinsa, in kana so ka saya da saninka in baka so ka bari. Wani ɗan kasuwar da jarumtar Bi'ir Saba'a kawai zai cika ka da ita ya ƙara ɗari biyu a kai.

Sai ya shiga bani labarin Safar Barlik yadda yaji a bakin tsofaffinsu, lokacin da Fahri Basha, kwamandan Turkawa, ke riƙe da Madina, yunwa tayi tsanani har aka riƙa cin fara, aka riƙa loda mutanen gari a jirgin ƙasa ana kai su Sham, kuma bai sallama garin ba sai Janairu 1919 alhali daular tasa ta ajiye makami tun ƙarshen Oktoba. Jirgin nan shine na Hijaz da ya iso nan a 1908, tasharsa ce ta Ambariyya da muke wucewa kullum wadda aka mayar gidan tarihi. To birged ɗinsu mai lambar nan, wato babbar rundunar da tasu ke ciki, su suka ƙwace tashar Samak a bakin tafkin Ɗabariyya da asubahin 25 ga Satumba 1918, a kan reshen wannan layin dogon da ya tafi Haifa, daga nan suka wuce Dimashƙa wadda aka shiga 1 ga Oktoba. Wato ƙarfen dogo ɗaya ne, bakinsa ɗaya a unguwarmu ɗaya bakin a inda yake yaƙi. Baba ya kuma ce min wai nasan karon farko da mutanen Ostareliya suka tura runduna waje Sawakin ta Sudan suka sauka a Maris 1885 don yaƙar mutanen Mahadi, Sawakin ɗin nan dai da kakanninmu ke hawa jirgin ruwa su tsallako Jidda.

A fayil ɗin abinda yafi yawa ba yaƙi bane, asibiti ne. An kwantar, an sallama, an sake kwantarwa, duk zazzaɓin cizon sauro da ya kwaso a kwarin Urdun inda aka ajiye su cikin bazarar 1918, wuri ne dake ƙasa da matakin teku, zafi da ƙura da sauro. Dokinsa kuma bai koma dashi ba. Dawakai wajen 136,000 Ostareliya ta fitar a yaƙin, guda ɗaya tak ya koma gida, saboda dokar hana shigo da cutar dabbobi da tsadar jirgi, masu ƙarfi aka miƙa wa sojan Ingila da na Indiya, tsofaffi aka harbe. Duk wanda ya taɓa riƙon doki yasan me wannan ke nufi, dabbar da ta ɗauke ka daga Masar har Sham kuna raba ruwa ɗaya.

Ranar na tafi da liyarina na bar lambar. Kwana uku tana min yawo a rai na koma, na tarar yaron ya riga ya ƙara tono ba tare da nace ba, kuma abinda ya samo shi yasa na saya.

Bayan yaƙi gwamnatocin can sunce za'a saka wa sojoji da gonaki, jihar Biktoriya tayi dokarta tun 1917 ta zaunar da kusan 12,000, kuma takardunsu suma suna intanet a ma'ajiyar jihar. Mutuminmu an bashi eka 640 a yankin Mali, ba Malin Bamako ba, wani yanki ne a arewa maso yammacin jihar mai rairayi da ƙarancin ruwan sama. In kaji eka 640 sai kace ya warke, ɗan ƙodago ya zama mai gandu, amma ba kyauta bace, bashi ne za'a biya cikin sama da shekara 30 da kuɗin ruwa, ga wani bashin har fam 625 na sayen dawakin noma da garma da waya da iri. Dajin kuma itatuwansa gajeru ne amma kututturensu na ƙarƙashin ƙasa kamar dutse, ka sare su sake tohowa, shekaru ake yi ana tonon su har mutane suka koma saida saiwar a matsayin itacen girki don su samu na cefane. In ka share dajin iska ta kwashe ƙasar ta binne maka shinge, in alkama ta fito zomaye su cinye, ruwan sha ta magudana ake koro shi sau ɗaya a shekara a cika maka tafki sai kayi ta lallaɓa shi. Sai ga fari a ƙarshen shekarun 1920, sai a 1930 gwamnati tayi ta kiran manoma su ƙara noman alkama, suka ƙara, farashi ya rushe a duniya. Kafin ƙarshen shekarun 1930 sama da rabin sojojin da aka zaunar a jihar sun bar gonakin.

Wasiƙunsa suna cikin fayil ɗin da wannan rubutun dai mai nauyi. Yana roƙon a ɗaga masa ƙafa zuwa kaka, yana cewa zazzaɓin ya dawo masa a tsakiyar shuka, yana lissafa dawakan da suka rage masa. A bayansu rahoton sufeton gona, yana cewa mutumin kirki ne mai aiki baya shaye-shaye, matarsa na kiwon kaji tana saida ƙwai, amma bashi ya fi ƙarfin gonar. Takarda ta ƙarshe ta soke hayar ce, an yi gwanjon kayan aikin.

Anan ne naji hawaye, don wannan labarin na sanshi tun ina yaro. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa da niyyar hajji, ya maƙale a Jazira ta Sudan shekaru yana tsinkar auduga a gonar wani, in kaka tayi a zauna lissafi a cire bashin dawa da na sukari da na magani ya tashi da abinda bai kai kuɗin jirgin Sawakin ba, sai wata shekara kuma. Hajiya har yau in tana bada labarin sai ta ce ƙasar ba ta ƙi shi ba, littafin bashi ne ya ƙi shi. Ban ce laifin wancan sojan ya goge ba, wanda aka kashe a Bi'ir Saba'a ma ɗan wata ne kuma ƙila shima manomi ne daga Anadol ta ƙasar Turkiyya, kuma Falasɗinu tana nan tana zubar da jini. Amma na kasa kallon mutumin nan a matsayin maƙiyi kawai bayan na karanta yana roƙon a bar masa doki biyu.

Sauran rayuwarsa yaron ya haɗo ta ne daga Trove, shafin tsofaffin jaridun ƙasar. Ya koma wani ƙaramin gari yana aikin gyaran hanya, da yaƙi na biyu ya zo ya shiga rundunar tsaron gida ta 'yan sa kai da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta kafa a 1940, sunansa na fitowa cikin masu maci ranar 25 ga Afrilu da suke tuna matattunsu, sai kuma 'yar sanarwar rasuwa layi huɗu da sunayen 'ya'ya. Bai sake mallakar gona ba.

Yanzu abinda ban ji daɗinsa ba, don kada wani yaje yace na rufe shi. Na farko farashin buɗe baki yana da yawa, riyal 600 Baba yace, sai da muka sha shayi kofi biyu muka tsaya a 450, in baka iya ciniki ba ka tafi da wanda ya iya. Na biyu kuma shi yafi ɓata min rai, da na dawo ɗauka na tarar yaron ya goge lambar da man goge azurfa tana ta ƙyalli, duk baƙin tsufan nan da ya kwanta cikin haruffan sunan ya tafi, ba wanda ya tambaye ni. Yace Kawu nayi ne don ka ji daɗi, Baba yayi masa faɗa a gabana ya kuma rage min 30, amma abinda ya tafi ya tafi, don haka in ka sayi abu ka faɗa musu da bakinka kada a taɓa. Ƙyallen da take rataye dashi ma, mai ruwan lemo a tsakiya da fari da baƙi da shuɗi a gefe, sabo ne ba na asali ba, kuma sai da na tambaya aka faɗa min. Takardun da aka buga min shafi 60 da wani abu kuɗinsu daban, riyal ɗaya duk shafi, binciken kansa dai ko halala basu karɓa ba. Na'urar kati yau tana aiki gobe babu, ka riƙe kuɗi a hannu, wajen ajiye mota kuma babu shi sam sai ka ajiye nesa ka tako. Lokacin buɗewa ma ba tsayayye bane, sau biyu ina zuwa da safe in tarar a rufe.

Duk da haka in azurfa kake nema ta gaske ko tsohon kuɗi, ni ban san inda ya kai nan ba a garin nan, kuma na kai mutum uku bayan ni duk sun gode. Masu zuwa Umara dake son tsarabar da ba dabino da zamzam kaɗai ba suma su leƙa, amma su ware awa guda don Baba baya sallamar mutum da sauri.

Lambar tana cikin akwatin Hajiya tare da ragowar liyari biyu. Jikan ya rubuta wa reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na garin da mutumin ya rasu, ya tura musu hoton bakin lambar ko za'a samu wani daga zuriyarsa, Baba kuma yace in an same su in kawo ta ya mayar min da kuɗina, kuɗin aikawa mu raba biyu. Wanda zai je ya bari sai bayan la'asar, ranar Juma'a kuma sai bayan isha'i yake buɗewa.